A'a, Ba Fenti Ne Ya Zube Ba

Duk Bahaushen da ya zauna a Alƙahira, ɗalibin Azhar ne, ko ɗan kasuwa, ko wanda ya kawo majinyaci asibiti, ya san Ataba. Nan tsohon birni ya yi iyaka da sabon birnin da Khedive Isma'il ya shimfiɗa a ƙarni na 19. Nan ake fitowa daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a kama titin Muski ko titin Azhar, nan ake sayen komai, daga wayar caji har akwatin komawa gida. A gefen dandalin akwai Sur Azbakiyya, rumfunan masu tsofaffin littattafai, inda ɗalibanmu ke neman Nahawu da Fiƙihu da araha. A cikin tarin nan, tsakanin wani sharhin Alfiyya da tsohuwar mujalla, mutum kan ci karo da kundin hotunan ayyukan masu zane na Masar. Ka buɗe sai ka ga shafi guda: ja-ja a ƙasa, wani siririn kore a tsakiya, shuɗi-shuɗi a sama. Babu mutum, babu gida, babu bishiyar da za ka nuna da yatsa. A ƙarƙashinsa kuma an rubuta wai sahara ce, ko gona ce a bakin Nilu.

Abin da yawancinmu ke faɗa a nan na san shi, kai ma mai karatu ka san shi. "Wannan ai fenti ne ya zube." "Autana ma zai yi wanda ya fi wannan." "Turawa ne suka raina wa mutane hankali, Larabawa suka ara suka yafa." Na sha jin wannan daga bakin mutanen da nake ganin girmansu ƙwarai, malamai masu zurfin karatu da 'yan kasuwar da ba a cutarsu a ciniki. Ba jahilci ke sa su faɗa ba, gudun a mayar da mutum wawa ne, kuma wannan hali ne mai kyau. Don haka zan yi musu raddi da ladabin da ya dace da su. Amma raddin zan yi, domin a ganina maganar kuskure ce, kuma kuskuren yana jawo mana hasara a gida. Irin wannan zane, wanda ba ya kwaikwayon kamannin wuri sak, sai dai ya yi nuni da shi ta hanyar launi da tsari, zan kira shi zanen ishara.

Bari in fara da inda suke da gaskiya. Kasuwar zane a duniya cike take da abin ɓacin rai. A shekarar 2015 an sayar da wani zanen Willem de Kooning mai suna Interchange, wanda ya yi a 1955, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 300. Wanda ya san asibitoci da makarantun da wannan kuɗi zai gina, dole abin ya tsaya masa a rai. Ga kuma damfara. Gidan sayar da zane na Knoedler a New York, wanda ya haura shekara 160 yana harka, ya rufe a 2011 da ta bayyana ya sayar da jabun zane-zane na miliyoyin daloli masu yawa. An ce wa masu saye na Mark Rothko ne da Jackson Pollock da ire-irensu, alhali wani mutum ne ke yin su a gidansa a unguwar Queens. Masana da dama sun ruɗu. Wanda ya ji wannan labari ya ce harkar duk yaudara ce, ba za ka ga laifinsa sosai ba.

Sai dai farashi daban, zane daban. Attajirai su suka san dalilin da ya sa suke zuba dukiya a kan kaya ƙwaya ɗaya, kuma haka suke yi da agogo da doki da tsohuwar mota. Wannan bai ce komai a kan ko akwai aikin hankali a cikin zanen ba. A kuma lura da labarin jabun nan da kyau: wanda ya yi su ba yaro ba ne. Ƙwararren mai zane ne da ya koyi sana'ar tun a ƙasar Sin, ya ƙaro karatu a New York. Da abin wasan yara ne, da 'yan damfarar ba su wahalar da kansu neman gwani ba.

Maganar "yaro ma zai iya" har gwada ta an yi. A 2011 wasu masu bincike biyu a Kwalejin Boston ta Amurka, Angelina Hawley-Dolan da Ellen Winner, sun jera zane-zane bibbiyu: ɗaya na sanannen mai zanen ishara, ɗaya na ƙaramin yaro ko biri ko giwa, aka zaɓo masu kama da juna a launi da fasali. Wasu ba a sa musu suna ba, wasu aka sa sunan gaskiya, wasu kuma da gangan aka musanya sunayen. Aka nuna wa ɗaliban zane da ɗaliban da ba ruwansu da zane. Mutanen sun yi kuskure a wasu, amma mafi yawan lokuta aikin gwanin suka zaɓa a matsayin wanda ya fi, har a inda aka yi musu ƙaryar suna. Ido yana gane inda aka yi niyya da inda hannu ya tafi kara zube, ko da baki bai iya bayyana yadda ya gane ba.

To me idon ke gani? Ƙasar Masar kanta ita ce malamar farko a wannan darasi. Wanda jirginsa ya sauka Alƙahira da rana, in ya leƙa taga, zai ga abin da ba ya mantuwa: rairayi ruwan ƙasa iya ganinka, sai kwatsam kore shar, kuma tsakaninsu layi ne tsaf, babu shiga a hankali. Kusan kashi 95 cikin 100 na mutanen ƙasar a kan wannan siririn kore suke zaune. Tsoffin Misirawa ma da launi suka raba ƙasarsu gida biyu, baƙar ƙasa ta noma wadda ambaliyar Nilu ke shimfiɗawa a wancan zamani, da jar ƙasa ta hamada. Mai zanen da ya sa faffaɗan ruwan ƙasa ya ratsa shi da siririn kore bai ɓoye maka Masar ba. Ya cire raƙumi da dala da dabinon da ake bugawa a katin masu yawon buɗe ido, ya bar maka abin da ya sa Masar ta zama Masar: ƙanƙantar rai a tsakiyar faɗin ƙishirwa.

Bari mu tsaya a gaban zane guda mu karanta shi a tsanake. Paul Klee, haifaffen ƙasar Suwizalan mai koyarwa a makarantar Bauhaus ta Jamus, ya zo Masar a watan Disamba na 1928. Ya yi kimanin wata guda, ya ga Alƙahira da Luksor da Aswan. Da ya koma, a 1929 ya yi wani zane da ya sa wa suna babbar hanya da ƙananan hanyoyi, wanda yanzu yake gidan adana zane na Ludwig a birnin Kolon. Tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, kuma hotonsa yana nan a intanet ga mai son dubawa. Kallon farko, tarin ƙananan yankuna ne masu launi-launi. Ka ba shi lokaci. A tsakiya akwai miƙaƙƙiyar hanya da ta taso daga ƙasan zanen da faɗinta, tana hawa tana tsukewa. Wannan tsukewar ce ke gaya wa idonka akwai nisa, domin haka hanya ke yi wa mai tsaye a bakinta. Dama da hagu kuma ƙananan hanyoyi ne karkatattu, wata ta rabu biyu, wata ta ƙuntata har ta kusa ɓacewa. An yanka faɗin zanen da layuka a kwance, kuma yankan da lissafi aka yi shi: yanki ɗaya ya rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Can a sama wasu layuka masu shuɗi sun kwanta daga gefe zuwa gefe, kuma duk hanyoyin can suka dosa.

Yanzu tambayi duk wanda ya taɓa noman rani. Ƙasar da aka yanka fangali-fangali, kowane da launinsa gwargwadon abin da aka shuka da ranar da ya sha ruwa, duka kuma suna fuskantar ruwa guda, wace ƙasa ce wannan? Gonakin bakin kogi ne, kuma masana da yawa suna karanta shuɗin nan na sama a matsayin Nilu. Launukan ma ba zube suke ba. Shuɗi da ruwan lemo ne ke karɓa-karɓa a ko'ina, sanyin ruwa da zafin ƙasar da rana ta gasa, kuma an kashe musu kaifi duka, yadda hasken tsakar rana ke wanke launin komai. Layukan da hannu aka ja su, suna ɗan rawa, shi ya sa lissafin bai zama na inji ba. Ni abin da ya fi kama ni a zanen shi ne ƙananan hanyoyin: sun fi babbar hanyar launi da motsi, kuma ido ya fi daɗewa a cikinsu. Ko Klee ya nufi wani darasi da wannan, ko bai nufa ba, abin yana nan a kan ƙyallen, kowa zai iya nuna shi da yatsa.

Ka ga ke nan karatun yana da ƙa'ida. Kana neman inda nauyi ya taru, sama ko ƙasa. Kana neman layin da sama ta haɗu da ƙasa: in an ɗaga shi can ƙoli, ƙasa ta cika zanen, kai mai kallo an sunkuyar da kanka, in an saukar da shi, sarari ya danne komai, ka zama ɗan ƙanƙane. In babu shi sam, to ko dai daga sama kake kallo, ko kuwa an jefa ka cikin hazo. Layi a kwance yana kwantar da hankali, layi a karkace yana tayar da shi. Wannan ba sirrin Turawa ba ne. Manomi a Maraɗi ko Daura yana ɗaga kai gabas da la'asar, ya ga inda baƙi ya taru, ya ga ja-jan ƙurar da ke gabansa da ɗan farin da ke ƙarƙashi, ya ce wa yara su kwashe shanya. Babu hoton ruwan sama a sararin nan. Launi ya karanta, da wurin da kowane launi ya zauna, kuma ba wanda ya taɓa cewa shirme yake yi.

Shi launi yana da halinsa da za a iya gwadawa. Ja da rawaya suna matsowa kusa da ido, shuɗi da ruwan toka suna ja da baya, saboda haka muka saba gani a fili: dutsen Kufena in ka hango shi daga nesa shuɗi-shuɗi yake, sai ka iso gindinsa ka ga ainihin launinsa. Mai zane yana iya ba ka tafiyar yini guda da wannan kaɗai, ba tare da ya zana ko da turba ba. Launi kuma yana sauya kama gwargwadon maƙwabcinsa. Wanda ya shahara da rubuta wannan a matsayin ilimi, Michel Chevreul na Faransa, shugaban sashen rini ne a masaƙar Gobelins ta birnin Paris. Aka kawo masa ƙara cewa baƙin zarensu ba ya baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiya lau yake, launukan da ake sakawa kusa da shi ne ke rage masa ƙarfi a ido. Ya fitar da littafinsa a 1839, kuma masu zanen Turai sun daɗe suna cin gajiyarsa. Duk mai ɗinkin hula a Kano, da duk marinin Ƙofar Mata, ya san wannan da hannunsa: zare ɗaya, a kan farin yadi daban, a kan shuɗi daban.

Masu zanen Masar sun yi aiki da waɗannan ƙa'idoji a kan ƙasarsu da tarihinsu, kuma wannan ya fi komai rushe zancen cewa kwaikwayo ne kawai. Ramses Yunan, haifaffen Minya a 1913, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Fasaha da 'Yanci a ƙarshen shekarun 1930. Ayyukansa na ƙarshen rayuwa, kafin rasuwarsa a 1966, kusan duk ruwan ƙasa ne da baƙi-baƙi, masu tsagogi da ramuka, kana kallo kana jin duwatsun da suka yi wa kwarin Nilu shinge. Gazbiya Sirri, wadda aka haifa a 1925 ta rasu a 2021, ta fara ne da zanen mutane sak, mata da yara a unguwannin talakawa. Wannan ma amsa ce ga mai cewa rashin iya zane ke kai mutum ga ishara. Bayan kayen da Masar ta sha a yaƙin 1967 sai gidaje suka cika zanenta, a cunkushe, suna jingine da juna, mutane sun narke a cikin bangaye. A shekarun 1970 kuma ta fita sahara, zanen ya buɗe, layuka suka kwanta, launi ya yi faɗi. Wanda ya jera ayyukanta bi da bi zai ga ƙunci da buɗi na ƙasa guda ba tare da an rubuta masa kalma ba.

Inji Aflatun ita ce ta fi taɓa ni. An haife ta a 1924 cikin gidan wadata, ta shiga gwagwarmayar siyasa da ta haƙƙin mata, aka kama ta a 1959 zamanin Jamal Abdul Nasir, ta zauna a kurkukun mata na Ƙanatir har 1963. A can ta ci gaba da zane: fursunoni, da bishiyar da take hange, da filafilan jiragen ruwa masu wucewa a kan Nilu. Bayan ta fito, musamman a shekarun 1970, sai ta koma gonaki da itatuwa, da wani salo da aka sani da farin haske. Takan ɗiga launi gajere-gajere, ta bar farin ƙyallen a tsakani ba ta shafa masa komai ba. Mai gaggawa zai ce ba ta gama ba. Amma farin nan shi ne ranar Masar, mai cinye gefen komai har ganye da reshe su rabu da juna a ido. Matar da ta yi shekara huɗu a bayan bango, ta fito ta riƙa barin sarari a cikin kowane zane, ni ba na iya kallon wannan farin in ce fenti ne ya ƙare mata. Wanda ke Alƙahira yana iya gani da idonsa. Daga tashar Ataba a layi na biyu, tasha uku ce zuwa tashar Opera a tsibirin Jazira, inda gidan adana zanen Masar na zamani yake a harabar gidan Opera. Ayyukan Inji kuma an ware musu wuri a fadar Amir Taz, kusa da Ƙal'a.

Akwai wani kuskuren da ke ɗaya gefen, kuma masu son zane ne ke yin sa. Su ne masu cewa kowa ya fassara yadda ya ga dama, duk daidai ne. Wannan magana ita ke ƙara wa masu suka ƙarfi, domin abin da ke nufin komai ba ya nufin komai. Gaskiya ne launi ba shi da ƙamus guda. Fari a wurinmu yana tuna likkafani da rigar Idi a lokaci ɗaya, kore a ƙasar da damina ke wata huɗu ba daidai yake da kore a Ingila ba. Mutum biyu za su iya saɓawa a kan zane ɗaya kowa da hujjarsa. Amma sai da hujja, kuma hujjar a jikin zanen take. In ka ce zanen Klee na nuna guguwa a teku, zan tambaye ka ina layin da ya karkace, ina duhun, ina abin da ya kife. Ba ka da su. Ɗalibin da ya zauna gaban malamin Balaga ya san wannan ladabi: baiti yana ɗaukar fuska fiye da ɗaya, amma ba ya ɗaukar abin da lafazinsa bai ba da dama ba.

Saura zancen cewa kayan Turawa ne. Zanen fenti a kan ƙyalle, a sa shi a firam a rataye, lallai ta hannun Turai ya zo. Makarantar koyon zane ta Alƙahira a 1908 Yarima Yusuf Kamal ya buɗe ta, da malamai Turawa. Amma barin kwaikwayon kama a koma ga launi da tsari, wannan Turai ce ta zo a makare. A 1910 an yi gagarumin baje kolin fasahar Musulmi a birnin Munik, mai zane Matisse ya yi tattaki ya gani, takwaransa Kandinsky ma ya gani, a daidai shekarun da yake kan hanyar barin zanen kama. Klee kuwa tun 1914 ya je Tunisiya, kafin Masar. Ba na cewa daga nan kaɗai suka samo abin, amma sun sha daga wannan rijiya, kuma ba su ɓoye ba.

Rijiyar tana nan kusa da Ataba. Ka bi titin Muhammad Ali, mai shagunan kayan kiɗa, ka ɓulla Babul Khalƙ, ga gidan adana kayan fasahar Musulunci wanda aka buɗe a 1903, cike da katako da tagulla da tangaran da aka ƙawata, da yawansu ba tare da hoton kowa ba. Ka ƙara gaba zuwa Bab Zuwaila, ka shiga rufaffiyar kasuwar Khayamiyya da aka gina a ƙarni na 17. Ga mutum zaune a kan dakalin ɗan shagonsa ya tanƙwashe ƙafa, ƙyalle mai kauri a cinyarsa. An riga an huda takardar tsarin da allura, an barbaɗa gari a kai, ɗige-ɗigen sun sauka a kan ƙyallen. Ya yanko ɗan guntun ja da babban almakashi, ya ɗora, yana lanƙwasa bakinsa ciki da tsinin allura yana ɗinkewa, ɗinkin da sai ka matso kafin ka gan shi. Ya ɗauko kore ya kara kusa da jan, ya dube shi, ya ajiye, ya ɗauko wani koren da ya fi duhu. Babu wanda ke tsayawa a kansa ya ce, "Malam, hoton mene ne wannan?" Ana cewa ne ya yi kyau, ko launin bai zauna ba.

Mu ma haka muke a gida. Yaro in ya sauke Alƙur'ani, allon zayyana ake yi masa, da ja da rawaya da kore da baƙin tawada, kuma iyaye sun san zayyanar gwani da ta ɗan koyo. Dattijo yana duban aska takwas a ƙirjin babbar riga ya gaya maka ko mai ɗinkin ya san aikinsa. Bangayen tsofaffin gidajen Zariya da Kano da unguwar Birni a Damagaram, da dagi da sauran zanen da magina ke fitarwa, da bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, duk aikin tsari ne ba na kwaikwayon kama ba. Al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana yanke hukunci a kan irin wannan, ba ita ya kamata ta ce ba ta gane zanen da babu mutum a ciki ba.

Na san abin da mai kaifin hankali zai ce: waɗancan ado ne, suna kan riga da bango da allo, suna da amfani, kuma ba su taɓa da'awar cewa su gona ne ko hamada ba. Wannan gaskiya ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Ado yana maimaita kansa, yana neman daidaito, dama ta amsa hagu. Zanen ishara na ƙasa yakan karya daidaiton da gangan, domin wuri yake son ya ba ka, da lokaci, da halin da mai zanen ya tsinci kansa a wurin. Amma kayan aikin ɗaya ne: nauyi, tazara, maƙwabtakar launi, inda ido zai shiga da inda zai huta. Wanda ya iya hukunci a kan na farko ya riga ya yi rabin tafiya zuwa na biyu. Masu zanenmu sun daɗe da gane haka. A 1958 ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa a haɗa dabarun da aka koyo da gadon gida. Bayansu Gani Odutokun, wanda ya koyar a can har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995, ya shahara da kwarara fenti mai ruwa a kan ƙyalle yana sarrafa gudunsa. Shi kam fentinsa zuba shi yake yi da gaske, amma ya san inda zai tsayar da shi, kuma a nan gwanintar take. Farfesa Jerry Buhari, shi ma a Zariya, ya daɗe yana amfani da irin wannan zane wajen magana a kan lalacewar ƙasa da muhalli.

Akwai kuma abin da ke zuciyar da yawa daga cikinmu ko ba a furta ba, wato hukuncin zane a addini. Wannan fagen malamai ne, kuma na bar musu. Abin da kowane ɗalibi ya sani shi ne, a cikin Bukhari da Muslim an ruwaito wani mai sana'ar yin hotuna ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya gargaɗe shi a kan surar mai rai, ya nuna masa ya koma ga bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Zanen ƙasa da ruwa da haske, wanda ko surar tsuntsu babu a ciki, yana cikin abin da ya fi nisa da wurin saɓani. Abin mamaki ne a ce irin zanen da ya fi dacewa da taka-tsantsan ɗinmu shi muka fi yi wa dariya.

Hasarar da na ambata a farko a gida take. Yaro yana da ido, yana haɗa launi tun yana firamare, sai a ce masa in zai yi zane ya yi wanda ya yi kama da mutum, in kuwa ya yi kama da mutum a ce masa haramun ne. Tsakanin waɗannan biyun sai ya ajiye burushi. Maginan da suka iya zanen bango suna ƙarewa, ana rushe aikinsu ana shafe siminti, domin mun saba ɗaukar abin da ba hoto ba a matsayin abin da ba komai ba. Ba na roƙon kowa ya so kowane zanen ishara. Akwai marasa kyau da yawa, akwai na ragwaye, kuma wanda ya tsaya ya duba sannan ya ce nauyin ya karkata, ko launin ya mutu, ya yi hukuncin da nake girmamawa. Roƙona ga malamaina da 'yan'uwana shi ne a duba kafin a yanke. Ga iyaye da malaman makaranta kuma, in yaro ya kawo muku takarda cike da launi babu mutum a ciki, ku tambaye shi wane wuri ne wannan, da wane lokaci na yini, ku saurari amsarsa. Wanda kuma Zariya ba ta yi masa nisa ba, ya leƙa sashen koyon zane na Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da ɗalibai ke baje ayyukansu, ya tafi da 'ya'yansa.